Ranar da Na Ci Maki Ashirin

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da lissafi a wani kwaleji a nan Madarumfa, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajina ya san ni da rowar maki. A makarantunmu na Nijar bisa 20 ake gyara jarrabawa. Yaro ya ci 10 ya tsallake da ƙyar, ya ci 14 a tafa masa, 18 kuwa a wurina sai dai ya gan ta a mafarki. Ni da nake wannan tsiyar, tun daga firamare har na gama karatu ban taɓa wuce 13 ba. Ku riƙe wannan, don daga nan abin kunyar ya samo asali.

A watan Mayu na 2022, lokacin da zafin ƙasar Maraɗi ke hana ko akuya barin inuwa, jarrabawar BEPC kuma ta ƙarato, sai ƙeyata ta fara sara kamar mata biyu na lugude a ciki. Na ce rana ce. Uwargida ta ce, "Malam, ka je likita a duba ka." Na ce gajiya ce. Na tsai da yaro mai tallar magani a tire, na sayi ƙwayoyin ciwon jiki na dala ashirin, ina korawa da shayi mai kauri. Sai daga baya na ji cewa irin waɗannan ƙwayoyi, su diklofenak, su kansu suna ɗaga jini. Ashe ɓarawon nake ba gadin gida.

Ko zuwana likita ba don kaina ba ne. Inna na kai a duba mata gwiwa. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya gama da ita, ya dubi idona, ya ce, "Mushe, miƙo hannu." Mushe ake ce wa malamin makaranta a nan. Ya naɗa mini ƙyallen awon jini a damtse, ya kama matsa ƴar robar, fus, fus, fus, ya sa abin saurare a kunne. Ya sassauta, ya sake. Sannan ya cire tabarau.

"Mushe, 18 gare ka. 18 bisa 11."

Wallahi abin da ya fara zo mini a rai daɗi ne. Na gyara zama, na ce, "Alhamdu lillahi. Ashe dai ana samu."

Majo ya daɗe yana kallona. "Mushe, nan ba aji ba ne. A wannan jarrabawa, wanda ya ci da yawa shi ne ya faɗi."

Ya zauna ya yi mini darasi irin wanda nake yi wa ƴan aji ɗaya. Lamba ta sama, in ji shi, ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Mai lafiya yana wajen 12 bisa 8. In aka auna mutum a ranaku daban-daban aka yi ta samun 14 bisa 9 ko sama, to tansiyo ce, hawan jini ke nan. Inna, mai shekara saba'in da ɗoriya, 13 bisa 8 ta ci. Da ta gane ta fi ni, sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Ai tun yana yaro ba ya jin magana."

Na koma sau biyu a wannan mako, 17 da 18 suka ƙi sakina. Majo ya rubuta takarda: ƙwaya ɗaya kullum da safe, a rage gishiri, a riƙa tafiya a ƙafa, a rage tunani. Na tambaye shi kwana nawa zan yi ina shan maganin. Ya ce, "Wannan ba zazzaɓin sauro ba ne da za ka sha na kwana uku ka manta. Auren zobe ka yi, babu saki."

Batun rage tunani ne ya ba ni dariya. Ɗalibai 84 a aji guda, kowa da takardarsa da zan gyara. Albashi yakan iso ne bayan mai shago ya daina amsa sallamata da fara'a. Dangi a ƙauye sun ɗauka duk mai biro a aljihun gaba yana da banki a aljihun baya. Ƙanwata tana aure a wani ƙauyen bakin iyaka inda ake kwana da kunne ɗaya saboda ƴan bindiga, don haka in waya ta yi ƙara da tsakar dare, kafin in duba mai kira zuciyata ta riga ta kai ƙauyen ta dawo. Na ce, "Majo, in ka san inda ake ajiye tunani a karɓi rasit, nuna mini." Ya ce in fara da gishiri tukuna.

Uwargida ta karɓi wannan umarni kamar daga fadar gwamna ya fito. Tun a ranar aka raba mini tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ɗan ƙaramin cokalin shayi, kuma a ciki har da wanda ke ɓoye a burodi, da kilishi, da yaji, da dunƙulen magi wanda kusan rabinsa gishiri ne. Ni kuwa jikan mutanen da suka saba tarbar ayarin raƙuma masu ɗauko kantun gishiri tun daga Bilma. Daren farko da aka ajiye mini tuwon dawa da miyar kuka lami, na kai loma ɗaya na ji kamar an yi mini rasuwa. Yara suna can gefe suna suɗe kwano, ni ina haɗiya kamar mai biyan bashi.

Na yi haƙuri na mako biyu, sannan na koma ga dabara. Na ƙulla gishiri a ƴar takarda, na ɓoye a kwalin allin da nake zuwa aji da shi, wurin da na tabbata babu mai taɓawa. In an kawo tuwon dare, sai in ja tabarmata can ƙarƙashin dogon yaro inda hasken fitila bai kai ba, in barbaɗa, in ci abina cikin rufin asiri. Har na fara yabon girki. "Kai, yau miyar nan ta yi." Uwargida takan ce, "Madalla, Malam."

Wani dare na gama, na matso kusa da fitila zan wanke hannu, sai autarmu ta nuna ni ta fashe da dariya. "Baba ya ci alli!" Na shafa gemu, ga fari a yatsa. Uwargida ko ɗago kai ba ta yi ba, tana tsince wake. "Malam, yau kwana huɗu ke nan da na juye gishirinka na daka maka alli a ciki. Kullum kuma sai ka ce miya ta yi." Ban da abin cewa. Kwana huɗu ina cin kayan aikina ina santi. Amma a daren na gane wani abu da Majo bai faɗa mini ba: rabin son gishirin nan a kai yake, harshe kuwa ɗalibi ne, abin da aka saba masa shi yake haddacewa.

Sai tafiya a ƙafa. An ce minti 30 a yini, aƙalla kwana biyar a mako. Na ajiye babur, na sa takalmin ƙwallon babban ɗana, bayan sallar asuba na nufi tafkin garinmu. A nan na gane cewa a garinmu babba ba ya tafiya a ƙafa sai da dalili, dalilin kuma ba ya zama mai kyau. Kafin in fita unguwa ɗan kabu-kabu ya sha gabana. "Mushe, lahiya? Ina babur ɗin? Hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Na ce motsa jiki nake. Ya dube ni da tausayi. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya. Kafin azahar labari ya kai fadarmu ta shan shayi cewa bashi ya ci babur ɗin Mushe. Da aka ga kullum tafki nake nufa, sai labari ya sauya: ai ziyarar waliyyai nake, ina roƙon Allah ya ba ni ta biyu. Wannan kam har gida ya iso, kuma na sha tambayoyin da suka fi na BEPC wuya.

Amma tafkin ya biya ni. Kun san an ce kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da shi, mutane na zuwa ziyara daga nesa, kuma tun 2006 Nijar ta sa shi da dajinsa da kaburburan a jerin wuraren da take son UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya. Ni da nake kwana a gefensa, sai da ciwo ya kora ni sannan na san yadda yake da sassafe: hazo kwance a kan ruwa, masunta na tura kwalekwale da gora, balbelu na bin shanu, iska mai sanyi tana ratsa riga. Matsala ɗaya ce. A hanyar dawowa akwai wata baiwar Allah mai suyar kifi. Tarwaɗa da karfasa, daga koma sai kasko, ga yaji ja wur da gishiri da magi. Kullum nakan ce gaisawa kawai za mu yi. Wata guda ina motsa jiki, da na hau sikeli sai ga shi na ƙara kilo biyu. Garin neman rama na samo ƙiba.

Da kaka ta yi, aka haifa wa ɗan'uwana a Jibiya, muka bi ta Ɗan Isa muka tsallaka iyaka zuwa suna. Bayan an ci naman suna, wanda ban tsaya tambayar gishirinsa ba, na ji kaina ya yi nauyi, na shiga wani kyamis na ce a auna ni. Yaron ya danna na'ura, ta yi ƙugi, ya ce, "Baba, 170 bisa 100." Na ji ƙafafuna sun zama na wani. Na bar gida ina 17, ga ni a 170. Na fara kalmar shahada, ina tunanin wa zan bar wa babur. Na ce, "Yaro, tsakanin Ɗan Isa da nan har na ninka sau goma?" A raina na ce ko tansiyo ma canji ake yi mata a bakin iyaka, kamar sefa da naira. Wani dattijo da ke jiran a ba shi magani ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Madarumfa, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe awon ɗaya ne. Mu da muka gaji Faransa da santimita muke faɗa, su da suka gaji Ingila da milimita. Sifiri guda ne tsakani. Ya ce, "Aikin me kake yi can?" Na ce noma. Ina zan iya cewa malamin lissafi ne ni?

Wannan tsoro ya sa na sayi na'urar kaina a babbar kasuwar Maraɗi. Daga nan na buɗe sabon babin hauka. In na tashi in auna, in na ci abinci in auna, in yaro ya fasa kofi in auna. In lambar ta hau sai in tsorata, tsoron ya ƙara ɗaga ta, in sake aunawa in ga ta ƙaru. Akwai daren da na auna sau goma sha ɗaya, sai da batir ya mutu sannan aka yi barci a gidan. Majo ne ya daidaita ni: a zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba shayi ba taba rabin awa kafin nan, a kama ruwa tukuna, kuma a yi shiru. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni wuya, malami ne ni.

Da na bi ƙa'ida, na kuma sauya hanyar dawowa daga tafki, lamba ta sauko 13 bisa 8. Na kamo Inna. Ƙeya ta daina sara. Kuma a nan ne shaiɗan ya samu ƙofa, don babu lokacin da mai hawan jini ya fi zama cikin haɗari kamar ranar da ya ji garau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, kaya suka yi tsada, magani ya yi wuyar samu. Na je farmasi sau ɗaya ban samu irin nawa ba. Maimakon in koma wurin Majo ya sauya mini wani, sai na kai ƙara fada. Fadarmu kuwa babu wanda ba likita ba. Mai dafa mana shayi ya ce tafarnuwa bakwai a haɗiye da safe. Wani ya ce zoɓo. Wani ya ce maganin bature in ka saba da shi ya zame maka ubangida, gara a yaye tun da wuri. Wannan magana ta yi mini daɗi, don ta zo daidai da aljihuna.

Gaskiya ne an yi bincike an ga zoɓo na ɗan sassauta jini. Amma ɗan sassauci ne, kuma ba irin nawa zoɓon ba, wanda sukarinsa ke tsai da cokali. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Na daina ƙwaya, na kama tafarnuwa, na kuma tura na'urar ƙarƙashin gado don kada ta faɗa mini abin da ba na son ji. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, ɗaliban layin gaba suka fara ƙaura zuwa baya ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka kwarjini ne ya ƙaru.

Wata Talata a Nuwamba, ina tsakiyar rubutu a allo, sai na ga lambobin sun zama biyu-biyu. Na goge, na sake rubutawa, suka ƙi haɗuwa. Ƙeya ta buga, jiri ya ɗebe ni, haɓo ya ɓalle a kan farar rigata. Na ji wata yarinya ta ƙwala, "Mushe zai mutu!" Na so in ce a yi shiru, sai na tsinci kaina zaune a ƙasa. Ɗalibai huɗu suka ɗauke ni kamar buhun gero. Garin ɗauka aljihuna ya juye, tafarnuwa ta watse a tsakar aji. Aka ɗora ni a kabu-kabu, wani ƙato daga cikin waɗanda na fi ba 3 bisa 20 ya zauna a baya ya rungume ni har likita, yana cewa, "Sannu Mushe, riƙe ni da kyau."

Majo ya naɗa ƙyalle, ya matsa, ya saurara. Wannan karon bai cire tabarau ba.

"Barka, Mushe. Ka ci 20."

Burin shekara arba'in ya cika, a kan gadon likita, da auduga a hanci.

Dariyar ta tsaya ne da na waiga gadon da ke kusa. Wani ne da muka yi firamare tare, dillalin hatsi, na ma girme shi da shekara guda. Bakinsa ya karkace, hannun dama na kwance kamar ba nasa ba, matarsa na ba shi kunu a cokali yana zubowa ta gefe. Ya gane ni, ya so ya kira sunana, harshe ya ƙi. Matar ta ce bai taɓa ciwo ba, ko ciwon kai ba ya yi, ranar kawai ya sunkuya zai ɗaura takalmi. Ba a taɓa auna shi ba sai ranar da aka kawo shi. Haka ciwon yake. Yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a hankali, kamar gara a cikin azara, ɗaki na tsaye lafiya lau har ranar da zai rufta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Mu kuwa mutane ne da ko a kan gadon likita aka ce "ina gajiya" sai mu ce "ba gajiya". An ce jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki kurma ne, ƙyallen damtse ne magayi.

Yanzu ga yadda muke zaune da abokiyar aurena ta zobe. Ƙwayar tana kusa da butar alwala, in na idar da sallar asuba sai in haɗiye, ko ina jin ciwo ko ba na ji. Kuɗin maganin wata shi nake fara cirewa ranar albashi, tun kafin mai shago ya ji labari. In wani iri ya yanke, Majo nake tambaya, ba mai shayi ba. Tafarnuwa ta koma inda Allah ya ajiye ta, cikin miya, tare da daddawa da albasa da lemun tsami, kuma da zogalen Jiratawa ana yin kwaɗon da ba ya neman gishiri da yawa. Tukunya ma ta koma ɗaya, don uwargida ta ce in gishiri ya kama uba, bai ga dalilin barin ƴaƴa ba. Shayin fada na tsaya a kofi ɗaya. Ba na gyaran takardu bayan isha'i. Na kuma koyi wata jimla da ta fi kowace ƙwaya wuyar haɗiya: "Wallahi wannan watan ba ni da shi." Farkon faɗarta sai da na yi gumi, amma har yau ban ji wanda ya mutu don ya ji ta ba. Tunani bai ƙare ba, ɗalibai suna nan 84, wayar dare tana nan tana firgita ni. Na dai daina ɗaukar kayan gobe in haɗa da na yau, in kuma ya yi yawa sai in kai shi bakin tafki in sauke rabi. Ƴan kabu-kabu sun gaji sun daina tsayawa. Mai kifi kuwa muna gaisawa daga nesa, irin gaisuwar surukai.

Na'urar ta fito daga ƙarƙashin gado, ran Juma'a nakan kai ta fada. Cikin mu tara, huɗu ne suka haura 14, har da mai shayin da ya rubuta mini tafarnuwa. Shi 17 ya ci, kuma da na faɗa masa sai da ya ce alhamdu lillahi.

Kowace 17 ga Mayu ake ranar hawan jini ta duniya, amma kai mai karatu kada ka jira ta. In ka ba talatin baya, ko kana jin ƙarfi kamar ingarma, ka je likita mafi kusa a naɗa maka ƙyallen nan, ka kai maiɗakinka, ka kai su Inna da Baba. Minti biyar ne. In aka ce 14 bisa 9 ko sama, ka koma a sake aunawa, in an rubuta magani ka sha, kuma ranar da ka ji sauƙi kada ka ajiye. Wannan shawara ce daga bakin wanda ya ci 20.